Mumbarin Nuruddini: Darasi Daga Zamanin Yaƙe-yaƙen 'Yan Gicciye

 

Ya ku 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan karo na tarihi ne. A shekara ta 564 bayan Hijira, watau wajen 1168 zuwa 1169, wani sarki mai suna Nuruddini Mahmudu ɗan Zanki ya sa gwanayen masassaƙa na birnin Halab su sassaƙa masa mumbari. Ya ce na Masallacin Aƙsa ne. To, a wannan lokaci Ƙudus ta shekara wajen saba'in a hannun Turawa 'yan gicciye, babu kiran salla, babu Juma'a. Mutum ya sassaƙa mumbari don masallacin da ba ya iya ko taka ƙofarsa! Ya kuma rasu bai ga ranar da aka kafa shi ba. Sai bayan rasuwarsa da shekara 13 aka ɗauko mumbarin daga Halab aka kai shi inda aka yi shi domin sa.

Matasa da yawa sun san sunan Salahuddini, amma ba su san wanda ya yi masa sharar gona ba. Tambayoyinmu biyu ne. Yaya aka yi Ƙudus ta kuɓuce wa Musulmi a 1099? Kuma wane aiki aka yi har ta dawo a 1187?

1. Yadda bango ya tsage

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu duba bangon tukuna.

A wancan zamani halifofi biyu ne a gabashin duniyar Musulmi, kowa na cewa shi ne na gaskiya: na Abbasiyawa a Bagadaza, da na Faɗimawa a Alƙahira. Ƙarfin soja a ɓangaren Bagadaza yana hannun Turkawa Saljuƙawa. Su ne suka karya rundunar Sarkin Rum a Manzikart a 1071, suka mamaye yawancin ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya. Wannan ya sa daga baya Sarkin Rum na Kustantiniyya ya aika neman gudummawa daga Turawan yamma.

Ana nan sai mutuwa ta yi wa manya ɗauki ɗai-ɗai. A 1092 aka kashe babban waziri Nizamul Mulki, bayan kamar wata guda Sultan Malikshah ya rasu, 'ya'yansa suka shiga yaƙin gadon sarauta. A 1094 halifan Bagadaza ya rasu, halifan Alƙahira ya rasu, wazirinsa Badrul Jamali shi ma ya rasu. A 1095 aka kashe Tutush, mai mulkin Sham, 'ya'yansa biyu suka raba ƙasa: Ridwanu ya riƙe Halab, Duƙaƙ ya riƙe Dimashƙa. Wa da ƙane, uba ɗaya, amma ba sa ga maciji da juna.

A cikin wannan shekara ta 1095, a watan Nuwamba, Paparoma Urban na Biyu ya tsaya a garin Kilamon ta ƙasar Faransa ya yi kira ga Turawa su ɗauki makami su nufi gabas, ya yi musu alkawarin gafarar zunubi. Suka ɗinka alamar gicciye a tufafinsu, shi ya sa ake ce musu 'yan gicciye ko 'yan Salibiyya. Larabawan lokacin kuwa Faranja suke kiransu.

Ku lura da yadda suka sami hanya. Da suka yi wa birnin Nikiya zobe a 1097, mai garin, Kilij Arsalan, yana can gabas yana faɗa da wani sarki Musulmi ɗan'uwansa a kan garin Malatiya. Da suka iso Antakiya, suka zauna a bakin ganuwarta wajen wata takwas, yunwa ta ci su, dawakinsu suka mutu. Duƙaƙ ya zo shi kaɗai aka kore shi. Ridwanu ya zo shi kaɗai aka kore shi. A ƙarshe wani mai tsaron hasumiya a cikin gari ya ci amana ya bar su suka hau ganuwa da dare, a watan Yuni 1098. Bayan 'yan kwanaki Karbuƙa, sarkin yaƙin Mausil, ya iso da babbar runduna ya tsare su a cikin garin, babu abinci. Amma sarakunan da ke tare da shi suna tsoron in ya ci nasara zai hau kansu. Ranar gwabzawa suka janye, suka bar shi. Mayunwatan da da ƙyar suke tsayuwa suka kori rundunar da ta fi su yawa.

Mutanen Masar fa? Da suka ga Saljuƙawa sun raunana, sai suka yi amfani da wannan dama suka ƙwace Ƙudus daga hannun Turkawa a watan Agusta 1098. Kowa na lissafin ribarsa a kan ɗan'uwansa, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda baƙin nan suka dosa.

2. Faɗuwar Ƙudus da kukan Bagadaza

Turawa suka isa Ƙudus ranar 7 ga Yuni 1099. Bayan kwana kusan arba'in, ranar Juma'a 15 ga Yuli, cikin watan Sha'aban na 492, suka haye ganuwa. Gwamnan garin ya yi yarjejeniya aka bar shi ya fita da dogarawansa. Talakawa kuwa aka sa musu takobi, maza da mata da yara, Musulmi da Yahudawa, dubbai. Waɗanda suka fake a Masallacin Aƙsa ba su tsira ba. Marubutan Turawan da kansu sun rubuta labarin wannan kisa. Aka kafa gicciye a kan Ƙubbatus Sakhra, aka mai da Aƙsa fadar sarki, daga baya aka ba wata ƙungiyar mayaƙansu ta zama mazauninsu.

Waɗanda suka tsere suka isa Dimashƙa. Alƙalin garin, Abu Sa'ad Al-Harawi, ya ɗebe su ya tafi da su Bagadaza cikin watan azumi. Suka shiga masallaci ran Juma'a suna kuka, suna ba da labari, jama'a suka yi ta kuka tare da su. Halifa Al-Mustazhir ya naɗa wasu manya su duba al'amarin. Shi ke nan. Ba a tura ko doki ɗaya ba, domin 'ya'yan Malikshah, masu riƙe da soja, suna can suna yaƙar juna.

Ɗan'uwa, riƙe wannan da kyau. Ranar nan an yi kuka na gaskiya, hawaye ya jiƙa gemu. Amma Ƙudus ta ƙara shekara 88 a hannun wasu.

3. Shekarun kunya

Turawa suka kafa ƙasashe huɗu: Ruha, Antakiya, Ƙudus, sa'an nan Tarabulus ta Sham wadda ta faɗi a 1109. Ba su da yawa, domin mafi yawan waɗanda suka zo yaƙin farko sun koma gida. Abin da ya tsare su shi ne halin maƙwabtansu.

Ga misali. A 1108, kusa da Tallu Bashir, aka yi yaƙi. A gefe guda akwai Jawali sarkin Mausil tare da Baturen da ke mulkin Ruha. A ɗaya gefen akwai Baturen Antakiya tare da sojan Ridwanu na Halab. Musulmi da Bature a nan, Musulmi da Bature a can. A 1111 mutanen Halab, da malamansu da fatakensu, suka je Bagadaza suka tayar da hankali a masallaci, suka hana huɗuba, har suka karya mumbari, don a ji kukansu. Wannan karon Sultan ya tura runduna. Da ta iso Halab sai Ridwanu ya rufe mata ƙofofin gari, don ya fi tsoron ta a kan Turawa. A 1140 kuma mai mulkin Dimashƙa ya ƙulla ƙawance da Sarkin Ƙudus don ya kare kansa daga wani sarki Musulmi.

A cikin wannan duhu akwai wani malami a Dimashƙa, Aliyu ɗan Ɗahiru As-Sulami, masanin fiƙihu da lugga. A 1105 ya karanta wa jama'a littafinsa, Kitabul Jihad. Shi ne ya fara nuna wa mutane cewa abin da ya faru a Sham yana haɗe da faɗuwar garuruwan Andalus, da faɗuwar tsibirin Siƙilliyya. Ya ɗora laifin a kan rarrabuwar sarakuna da sakacinsu, ya kuma gabatar da yaƙi da son zuciya a kan yaƙi da abokin gaba. Mutane ƙalilan suka saurare shi. Ya rasu a shekara mai zuwa, 1106, bai ga kome ya canza ba. Sai bayan shekaru arba'in aka sami sarkin da ya yi aiki da irin wannan magana.

4. Nuruddini

Mahaifinsa, Imaduddini Zanki, jarumi ne mai tsanani. Ya haɗa Mausil da Halab a hannunsa, kuma a watan Disamba 1144 ya ƙwace Ruha, ƙasa ta farko da Turawa suka rasa. A 1146 wani bawansa ya kashe shi. Nuruddini, wanda aka haifa a 1118, ya gaji Halab yana ɗan shekara 28.

Faɗuwar Ruha ta jawo yaƙi na biyu. Sarkin Faransa da Sarkin Jamus suka zo da kansu, suka yi wa Dimashƙa zobe a watan Yuli 1148. Kwana huɗu suka yi suka janye, da suka ji Nuruddini da wansa Saifuddini na Mausil suna tafe. Ku kwatanta da Antakiya. Wancan karon wa da ƙane sun ƙi juna, wannan karon sun fito tare.

Amma abin da muke so ku fi lura da shi shi ne aikinsa na cikin gida.

Na farko, ilimi. Ya gina makarantu a Halab da Dimashƙa da sauran garuruwan Sham, ya yi musu waƙafi don malamai da almajirai su sami abinci. Shi Bahanafe ne, amma ya gina wa Shafi'awa nasu makarantun, bai ce sai mazhabarsa ba. A Dimashƙa ya gina Darul Hadis, makarantar da aka keɓe don karatun hadisi, ya danƙa ta ga babban malami Ibnu Asakir, mai littafin tarihin Dimashƙa. Shi kansa sarkin yakan zauna ya saurari hadisi.

Na biyu, adalci. Ya gina wani gida a Dimashƙa da ake kira Darul Adli, inda yakan zauna a ranakun da ya keɓe cikin mako, tare da alƙali da malamai, kowa ya kawo ƙara ko da a kan sarkin yaƙi ne. Masanin tarihi Ibnul Asir ya kawo dalilin gina shi: manyan soja sun fara cin dukiyar mutane, alƙali kuma ba ya iya taɓa babbansu, Asaduddini Shirkuh. Da Shirkuh ya ji an soma ginin, ya gane don shi ake yi. Ya tara wakilansa ya umurce su su biya duk wanda ke bin su hakki, ko da za a sayar da kadarorinsa, don kada ya tsaya gaban Nuruddini a matsayin azzalumi. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya kai ƙarar Nuruddini kansa, ya je ya tsaya daidai da mai ƙara a gaban Alƙali Kamaluddini Ash-Shahrazuri. Shari'a ta ba sarki gaskiya, sa'an nan ya bar wa mutumin abin kyauta. Ya kuma soke kuɗaɗen shiga da na kasuwa waɗanda shari'a ba ta san da su ba, duk da yana bukatar kuɗin soja.

Na uku, tsare hannu daga baitulmali. Ibnul Asir ya ba da labari cewa matarsa ta yi kukan abin da ake ba ta ba ya isa. Ya ba ta wasu shaguna uku da ya mallaka a garin Himsa, waɗanda ke kawo kamar dinari 20 a shekara. Ta raina. Ya nuna mata cewa sauran dukiyar da take gani a hannunsa ta Musulmi ce, shi ma'aji ne kawai, ba zai shiga wuta saboda ita ba. Mutumin da ke mulkin Sham ke nan.

Na huɗu, kula da talakawa. Ya gina babban asibiti a Dimashƙa a 1154, inda ake magani ana kuma koyar da likitanci, ginin yana nan har yau. Ya gina masaukai a hanyoyin fatake, ya gyara ganuwoyin da girgizar ƙasa ta rushe, ya shirya aika wasiƙu ta hanyar tantabaru don labari ya riƙa isa da sauri. A 1163 Turawa suka auka masa ba shiri suka fatattaki rundunarsa, da ƙyar ya tsira. Wasu fadawa suka ba shi shawara ya yanke abin da ake ba malamai da miskinai a sayi makamai. Ya ƙi, ya mayar wa soja abin da suka rasa ba tare da ya taɓa rabon masu rauni ba. A shekara mai zuwa, 1164, ya ci babbar nasara a Harim.

Wannan suna da ya yi shi ya buɗe masa Dimashƙa. Mai garin yana biyan Turawa gandu, mutanensa kuwa sun gaji. Nuruddini ya tsare hanyar hatsi, yana kuma aika wa mutanen gari saƙo. A watan Afrilu 1154 aka buɗe masa ƙofa kusan ba a zub da jini ba. Halab da Dimashƙa suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya, abin da ba a gani ba tun kafin zuwan Turawa.

Kada mu wuce gona da iri a kansa. Nuruddini mutum ne, ba ma'asumi ba. A 1146, da mutanen Ruha suka yi ƙoƙarin mayar da garin ga Turawa, hukuncin da rundunarsa ta yi wa Kiristocin garin mai tsanani ne ƙwarai, an kashe, an kama bayi, garin ya lalace. Muna karanta tarihin magabata don mu ɗauki mai kyau mu bar marar kyau.

To, wannan mutum ne ya sa aka sassaƙa mumbari. An yi shi da ƙananan guntayen itace da aka sarƙe da juna, aka yi masa ado da hauren giwa, aka ajiye shi a babban masallacin Halab. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Masar da Salahuddini

Saura Masar. Daular Faɗimawa ta tsufa, waziri yana kashe waziri, Sarkin Ƙudus Amalrik kuma ya sa mata ido saboda arzikinta. Nuruddini ya tura Shirkuh sau uku, a 1164 da 1167 da ƙarshen 1168. Tare da shi akwai ɗan wansa, wani saurayi Bakurde mai suna Yusufu ɗan Ayyuba, wanda duniya ta sani da Salahuddini. Shirkuh ya zama waziri a farkon 1169, ya rasu bayan wata biyu, Salahuddini ya gaje shi yana ɗan shekara kamar 31. A 1171 aka mayar da huɗuba da sunan halifan Bagadaza. Shi ma ya bi sawun maigidansa wajen gina makarantu, har da ta Malikawa a Fusɗaɗ. A wannan gari ne, wajen shekarun 1240, mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibnu Rashiƙ, inda ɗalibai da alhazan ƙasar Chadi ke sauka.

Nuruddini ya rasu a Dimashƙa ranar 15 ga Mayu 1174, Allah Ya jiƙansa. Kafin rasuwarsa ma an fara samun tsamin dangantaka tsakaninsa da Salahuddini a kan dukiyar Masar. Bayan rasuwar kuma Salahuddini ya shafe shekara 12 yana fama da magadan gidan Zanki. Ya shiga Dimashƙa a 1174, Halab a 1183, Mausil ta yi masa mubaya'a a 1186. A tsakiyar wannan, a 1177, Turawa sun taɓa karya shi mummunar karyawa kusa da Ramla. Haɗa kan Musulmi ya ci masa shekaru, karya rundunar Turawa kuwa kwana biyu ya ci.

Yanzu kuma bangon Turawa ne ya tsage. Sarkinsu mai fama da kuturta ya mutu a 1185, manyansu suka rabu a kan gadon sarauta, har mai Tarabulus ya nemi sulhu da Salahuddini shi kaɗai. Wani daga cikinsu, Arnaɗ mai sansanin Karak, ya washe ayarin fatake ana cikin yarjejeniyar zaman lafiya. Salahuddini ya tara runduna daga Masar da Sham da Mausil. Ranar 3 ga Yuli 1187 Turawa suka bar inda suke da ruwa suka shiga tafiya cikin zafin bazara. Musulmi suka tsare musu hanyar tafkin Ɗabariyya, suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta. Kashegari, 4 ga Yuli, a Hiɗɗin, aka gama da rundunarsu, aka kama sarkinsu. Salahuddini ya kashe Arnaɗ, aka kashe fursunonin ƙungiyoyin mayaƙansu biyu, amma ya bar sarkin da rai, daga baya ya sake shi.

Ranar Juma'a 2 ga Oktoba 1187, daidai da 27 ga Rajab 583, Ƙudus ta buɗe ƙofa bisa yarjejeniya. Ba a yi kisan gilla ba. Aka yanka fansa, dinari 10 ga namiji, 5 ga mace, ɗan abu kaɗan ga yaro. Aka karɓi dinari 30,000 a madadin matalauta 7,000. Salahuddini da ƙanensa Al-Adil suka saki da yawa kyauta, ko da yake dubban da ba su iya biya ba sun shiga bauta. Wasu suka ba da shawara a rushe babbar cocin Kiristoci, ya ƙi. Kiristocin gabas suka ci gaba da zama, Yahudawa suka sami izinin dawowa. A Juma'a ta gaba Alƙali Muhyiddini ɗan Zaki ya yi huɗuba a Aƙsa. Da aka yi maganar sabon mumbari sai aka tuna wa Salahuddini da wanda ke ajiye a Halab, ya sa aka kawo shi.

Salahuddini ya tsare Ƙudus daga yaƙi na uku, wanda Sarkin Ingila Ricad ya jagoranta, aka yi sulhu a 1192. Ya rasu a watan Maris 1193. Abin da aka samu a ma'ajinsa dinari ɗaya ne da dirhami 47.

6. Ciwon ya dawo

Kada ku ɗauka labari ya ƙare da daɗi. Magadansa suka koma gidan jiya. A 1229 Al-Kamil, sarkin Masar, ɗan ƙanen Salahuddini, ya miƙa Ƙudus ga Sarkin Jamus Firedirik na Biyu ta hanyar yarjejeniya, ba a harba kibiya ko ɗaya ba, in ban da harabar Aƙsa da ta zauna a hannun Musulmi. Dalili? Yana rigima da danginsa a kan Dimashƙa. Fitar garin ta ƙarshe daga hannun Turawa sai a 1244, kuma sai a 1291 aka karɓe Akka, babban sansaninsu na ƙarshe.

Mumbarin kuwa ya zauna a Aƙsa shekara kusan 800. Ranar 21 ga Agusta 1969 wani ɗan ƙasar Ostareliya ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone. An sassaƙa wani irinsa a ƙasar Jodan, aka kafa shi a 2007.

7. Abin da za mu ɗauka

Ɗaya. Kafin ka tambayi ƙarfin abokin gaba, tambayi halin gidanku. Ridwanu da Duƙaƙ suna salla, suna azumi, amma son girma ya sa kowannensu ya fi ƙin ɗan'uwansa a kan mai ƙwace masa ƙasa. Wannan ciwo ba na sarakuna kaɗai ba ne. Ana samunsa a kwamitin masallaci, da ƙungiyar ɗalibai, da tsakanin almajiran malami da malami. In ka ga kana murna da faɗuwar ɗan'uwanka don ba a ƙungiyarku yake ba, to ka binciki zuciyarka.

Biyu. Zafin rai ba ya maye gurbin aiki. Masu kukan Bagadaza da masu karya mumbari sun fi kowa zafi, amma mai gina makaranta da asibiti da kotu shi ya canza al'amari. Kai saurayi, wane littafi ka sauke bana? Wace sana'a ka iya? Masassaƙan Halab da gizagonsu suka yi nasu rabon aikin, likitocin Dimashƙa da magungunansu.

Uku. Adalci daga hannunka yake farawa. Wanda ke tauye mudu a kasuwa, ko ya ci kuɗin gudummawar masallaci, ko ya hana ƙannensa mata gadonsu, ba shi da bakin zagin azzaluman sarakuna.

Huɗu. Kada wani ya ɗauki wannan tarihi ya ruɗe ku da shi. Nuruddini da Salahuddini shugabanni ne masu ƙasa, da alƙalai, da malamai masu faɗa musu gaskiya, suna ƙulla alkawari suna cikawa, sun kuma fuskanci rundunar da ta zo ta mamaye ƙasa. Wannan daban yake da 'yan samari su taru a ɓoye su ɗauki makami su auka wa bayin Allah. Kirista maƙwabcinka ba shi ya zo daga Faransa a 1099 ba. 'Yan gicciyen nan sun kashe Yahudawa a garuruwan Jamus a 1096 tun ba su bar gida ba, kuma a 1204 sun washe Kustantiniyya, babban birnin Kiristocin gabas. Mai son koyi da Salahuddini ya dubi abin da ya yi ranar da ya sami iko a kan waɗanda kakanninsu suka cika Aƙsa da jini.

Biyar. Yi aikin da ba lalle ka ga amfaninsa ba. As-Sulami ya rasu shekara 81 kafin buɗe Ƙudus, Nuruddini shekara 13. Ladansu yana wurin Allah.

Tambayoyi don bita

1. Kawo dalilai uku da suka sa Antakiya ta faɗi a 1098.
2. Me ya sa tafiyar Al-Harawi zuwa Bagadaza ba ta haifar da kome ba?
3. Lissafa ayyuka huɗu na Nuruddini a cikin gida, ka faɗi wanda unguwarku ta fi bukata.
4. Kwatanta abin da ya faru a Ƙudus a 1099 da na 1187.
5. Me ya jawo yarjejeniyar 1229?

Allah Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu shugabanni adalai, Ya tsare mu daga son zuciya da zaluntar bayinSa.